Yaron Motar da Na Ce Ban Sani Ba

Sallama gare ku 'yan uwa da ke biye da ni. Wannan kashin sau uku ina rubuta shi a waya ina gogewa, don duk ta inda na juya labarin, ni ce marar gaskiya a ciki. Mai zagina ya zaga, na cancanta. Amma ku daure ku kai ƙarshe tukuna.

Ga waɗanda yau suka fara haɗuwa da ni, sunana Asama'u, a gida Ma'u ake ce mini. Shekarata ashirin da biyu. Ƙauyenmu Tsamiyar Mati yana bakin titin da ya nufi Ɗambatta, irin garin nan da gonar wani ke jingine da katangar wani, in ka yi tari a ɗakinka maƙwabci ya ce maka sannu. Baba manomi ne, Inna tana ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ni kuma ina ɗinkin hula. Wanda nake so kuwa shi ne Khalilu, Malam Khalilu, mai takardar NCE, wanda ya shekara biyu yana koyarwa a wata makarantar kuɗi a Ɗambatta.

Tunda na ce gaskiya zan faɗa, bari na fara daga nan: rabin son da nake masa a lokacin na wannan "Malam" ɗin ne. Farar shadda da ta sha guga, biro a aljihu, agogon fata. In ya kafe babur a ƙofar gidanmu sai matan layi su riƙa leƙe ta zana, ni kuwa kaina ya yi ta kumbura.

Sai ga shekarar da aka cire tallafin mai. Ku da kuka rayu a cikinta ba sai na ba ku labari ba. Gidaje da yawa a garinmu girki ya koma sau ɗaya a rana. Iyaye suka kwashe 'ya'yansu daga makarantar kuɗi, mai makarantar ya rufe rabin azuzuwa, ya sallami malamai biyar har da Khalilu. Ya koma gona, taki ya gagara. Ya sayar da babur ɗin ya sai buhu biyu, ruwa kuma ya ɗauke ana tsakar bukatarsa.

Wata Laraba bayan la'asar ya zo a ƙafa. Na shimfiɗa masa tabarma a soro, na sa atamfata shuɗiya da hijabi ruwan toka, har da ɗan kwalli. Ya zaro wata takarda a ninke daga aljihu ya buɗe ta a kan gwiwarsa.

"Ma'u, shawara na kawo. Tuƙin babbar mota nake so na koya."

"Tirela?"

"Tirela. Komai ya tsaya a ƙasar nan ban da ɗaukar kaya. Ko ana yunwa sai an kai hatsi kudu, sai an kawo siminti. Na yi sati uku ina bincike, hanya uku na samu."

Ya karanto mini kamar yana gaban allo. Ta farko, makarantar koyon tuƙi a Kano, wata uku, a ba ka takarda a taimaka maka ka yi lasisi. Ta biyu, wani kamfani da ke horar da direbobi kyauta in za ka yi musu aikin shekara uku. Sai ya zo kan ta uku.

Ban ma bari ya faɗa ba. "Ta farko, Malam. Makarantar."

"Na je na gani da idona. Mota ɗaya gare su, ɗalibai sun fi talatin. A sati sau biyu za ka taɓa sitiyari, minti goma-goma, a fili, babu kaya a baya. Kuɗin kuwa sai na sayar da gonar da babanmu ya bar mana, wadda Hajiyata ke ci da ita. Ga haya a Kano, ga abinci. Kuma na tambayi waɗanda suka gama, ba mai mota ɗaya da ya miƙa musu makulli. Kowa cewa yake, wa ya san ka a hanya?"

"To kamfanin fa?"

"Mutum ashirin suke nema, mun fi dubu a layi. Sai kana da lasisin ƙaramar mota, sai wani ma'aikacin gwamnati ya tsaya maka. Na cike takarda, shiru har yau."

"Ta ukun fa?" Na tambaya, alhali cikina ya riga ya ba ni amsa.

"Sabo direba, ɗan unguwarmu. Yana jan tirela daga nan zuwa Legas. Ya ce zai ɗauke ni. Ba zan biya ko sisi ba, shi zai ciyar da ni a hanya, in an sauke kaya ya ɗan ba ni na sabulu. Shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, in na mai da hankali. Ɗan abin da na tara sai na yi lasisi da shi."

"Karen mota kenan."

Wallahi haka ya fito daga bakina. Ya ɗago ya dube ni, ya ninke takardar a hankali.

"Yaron mota, Ma'u."

"Da NCE ɗinka? Yaran da ka koyar su gan ka a ƙarƙashin mota?"

"Gara su gan ni a ƙarƙashin mota da su gan ni a gindin bishiya ina jiran wanda zai sai mini shayi." Ya yi ɗan murmushi. "Ni dai ke nake ji. In kin tsaya mini, sauran masu sauƙi ne."

Na ce masa na tsaya. Na ce Allah ya sa albarka. Bakina ne ya faɗa, zuciyata kuwa tana can tana lissafin abin da matan layi za su ce.

Sati biyu da tafiyarsa Gwaggo Fanta ta zo daga Bacirawa. Ƙanwar Baba ce, tun da mijinta ya gina gidan bulo a gefen birni ta daina zama a tabarmarmu sai an ɗora mata darduma a kai. Ta zo cikin leshi ruwan zuma, tare da 'yarta Bilki, sa'ata, wadda za a aurar wa wani mai shagon wayoyi bayan kaka. Bilki tana ta danna waya da farcenta da ya sha lalle, ƙamshin humrarta ya danne na ƙulin Inna.

Gwaggo ta dube ni sama da ƙasa. "Ke kuma har yanzu malamin nan kike jira? Na ji an ce makarantar ta watse. Akwai abokin angon Bilki, yana da shago biyu a kasuwar waya ta Farm Centre, ya ga hotonki ya yaba. Ba dole nake miki ba, amma ki yi wa kanki tunani. Me yake yi yanzu, malamin naki?"

Inna tana murza tunkuza a gefe. Baba yana bakin rumbu yana gyaran igiya, bayansa gare mu.

Na ji bakina yana cewa, "Ya tafi kwas, Gwaggo. Wani kamfanin sufuri ne ya ɗauke su a Kano. In sun gama ofis za a ba su."

"A'a, to madalla!" in ji Gwaggo. "Haka ake so a ji."

Bilki ta ce na nuna mata shi. Na nuna tsohon hotonsa na ranar rabon sakamako, cikin farar shadda. Ta ce, "Kai, ya haɗu." Hannun Inna ya tsaya a cikin kwano na ɗan lokaci, sannan ya ci gaba. Baba bai ko juyo ba. Na ɗauka bai ji ba.

Daga nan ƙaryar ta yi ƙafa ta zaga gari. Duk wanda ya tambaya, kwas. Shi kuwa bawan Allah kullum saƙonsa na shigowa.

"Ma'u yau na koyi ɗaure tamfol ni kaɗai. Oga Sabo bai gyara ko igiya ɗaya ba."

"Mun kwana biyu a hanya taya ta fashe. Hannuna duk ya yi kanta, in kin gani ba za ki gane shi ba."

"Yau Oga ya sa ni na saurari inji na faɗi abin da ke damunsa. Na canka daidai! Ya ce kan malamai daban ne."

Yana turo hotuna: shi a kan lodin buhuna, shi riƙe da sufana fuska duk baƙin mai, yana dariya haƙora waje. Nakan amsa da "Masha Allah, Allah ya tsare," sannan na goge hoton kada wani ya ɗauki wayata ya gani. Ku ji fa. Mutum yana turo mini guminsa, ni ina sharewa kamar ƙazanta.

Wata huɗu ana haka. Aka yi kaka, Gwaggo ta dawo tare da Bilki sayen gero da wake na biki, don a Ɗambatta ya fi sauƙi. Suka ce na raka su. Na ɗauko baƙar abayar da Bilki ta ba ni kwance, na yafa mayafi ja, na sa takalmi mai tsini wanda bai dace da kasuwar hatsi ba ko kaɗan. So nake a ce ni ma 'yar birni ce.

Rabona da jin Khalilu kwana uku, a zatona yana kudu. Mun gama ciniki kenan, buhun wake yana gabanmu muna neman mai ɗauka zuwa inda bas ke tsayawa, sai wata tirela ja ta fara ribas kusa da mu. Wani yana bayanta yana bubbuga bodi da tafin hannu yana ɗaga murya.

"Zo! Zo! Karya hagu! Ya isa!"

Muryar na fara ganewa. Ya sunkuya ya cusa katakon weji a bayan taya, ya miƙe yana share goshi da gefen riga. Rigar ƙwallo ce da ta koɗe, wando yanke a gwiwa, silifa ɗaya ɗaure da waya. Ya rame, ya yi baƙi. Ya waiwayo, idonsa ya faɗa cikin nawa, fuskarsa ta washe gaba ɗaya kamar an kunna fitila.

"Ma'u!"

Ya taho da sauri yana goge hannu a wando.

Bilki ta kama hannuna. "Ke, wannan ya san sunanki. Waye?"

'Yan uwa, daƙiƙa ɗaya Allah ya ba ni a wurin nan. Ɗaya tak. Da na ce "Khalilu ne," da an yi mamaki an gama. Amma na kalli leshin Gwaggo, na kalli silifarsa, na kau da kai.

"Ban san shi ba. Irin 'yan tashar nan ne, ya ji kin kira sunana ne."

Ban yi ƙasa da murya ba. Taku uku ne tsakaninmu. Ya tsaya cak. Na ga murmushin yana sauka daga fuskarsa a hankali, bai ko yi fushi ba, da ma fushin ya yi. Ya dubi Gwaggo, ya dubi Bilki, ya gane komai.

"Ku yi haƙuri Hajiya," ya ce. "Kama ta yi mini da wata."

Rufa mini asiri ya yi. A wurin da na tozarta shi, shi rufa mini asiri ya yi.

Da a nan abin ya tsaya ma da sauƙi. Gwaggo ta ce, "To tunda ka zo, ɗan samari, kama mana buhun nan zuwa bakin titi."

Ya sunkuya ya saɓa buhun a kafaɗa. Yana gaba muna binsa, ina kallon ƙashin bayansa ta cikin rigar da gumi ya jiƙa, takalmina mai tsini yana nutsewa a ƙasa. Ya sa buhun a but ɗin bas, ya gyara masa zama. Gwaggo ta buɗe jaka ta zaro naira ɗari biyu ta miƙo mini, don ni ce kusa da shi.

"Ba shi ya sha ruwa."

Na karɓa. Na miƙa masa. Da hannun nan nawa na miƙa masa.

Ya kalli kuɗin, bai kalle ni ba. "A bar shi, Hajiya. Allah ya sa a yi biki lafiya." Ya juya ya koma wurin motarsu.

"Yaro mai ladabi," in ji Gwaggo bayan mun zauna. "Ga hankali, sai dai ba a yi karatu ba."

Ban san yadda muka iso gida ba. Na shige ɗaki da abayar a jikina na kifa kai a katifa. Na kira shi sau bakwai, tana shiga ba a ɗauka. Na rubuta "Malam ka yi haƙuri," na ga alamar ya karanta. Shiru. Washegari shiru. Kwana biyar ko tuwo ba na iya haɗiya, hular da nake ɗinki na warware ta sau biyu don zaren ya ƙi bin layi.

A kwana na shida da hantsi Inna ta same ni a bayan ɗaki na tasa wanki a gaba ban taɓa ba. Ta ja kujera 'yar tsugunno ta zauna. Ba ta tambaye ni komai ba, ni na fashe da kuka na zayyana mata duka, har da ɗari biyun.

Ta bari na share hawaye. Can ta ce, "Tashi, babanki na kira. Tun shekaranjiya ya ce in kin gaji da ɓoyewa na turo ki."

Baba yana zaune a gindin darbejiya yana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa nesa da shi, kaina a ƙasa.

"Asama'u, kafin yaron nan ya hau motar Sabo, nan ya fara zuwa. Ya tsuguna inda kike tsugune, ya karanta mini takardarsa, hanya uku. Ya ce Baba ka zaɓa mini. Na ce kada ya kuskura ya sayar da gonar uwarsa. Ni na ce ya bi Sabo."

Na ji kamar ƙasa ta tsage na shige.

"Ranar da kika ce wa Fanta kwas ya tafi, ina jin ki. Na yi shiru ina jiran ki gyara da kanki. Wata huɗu ina jira." Ya watsa ɓawon gyaɗa gefe. "Sabo ya kira ni daga hanya. Ya ce yaronsa ya kwana biyu bai ci abinci ba, ya matsa masa har ya faɗa. Ni ba zan miki faɗa ba. Tambaya ɗaya zan miki. Ni da kike gani da fartanya a kafaɗa, ƙafa duk faso, in kin haɗu da ni a gaban mutanen birni, ni ma ba ki san ni ba ko?"

"Baba, don Allah..."

"Tashi ki je."

Da ya zage ni, da ya ɗaga hannu ma, da ya fi mini sauƙi.

Na koma ɗaki na danna wurin ɗaukar murya. Ban tsara komai ba. Na gaya wa Khalilu ƙaryar kwas, na gaya masa hotunan da nake gogewa. Na ce ban nemi ya yafe ba, so nake dai ya san iyakar abin da na yi, kada ya zaci a kasuwa abin ya fara. Minti shida ina magana ina jan hanci. Na tura kafin na canza shawara.

Sai bayan kwana biyu amsa ta zo, layi biyu.

"Na ji saƙonki. Ranar Juma'a bayan masallaci za mu biyo ta garinku."

Babu Ma'u, babu gaisuwa. Na karanta ya fi sau hamsin ina neman wani abu a tsakanin kalmomin, ban samu ba.

Kamar da gangan, ranar Juma'ar Gwaggo da Bilki suka zo kawo ankon biki. Tsakar gida ta cika da mata, ana ɗaga atamfa ana yaba zane. Ni tun safe na dafa shinkafa da wake, na soya manja da albasa, na daka yaji, na zuba a kwanon samira na ɗaure da ɗankwali. Atamfar gida ce a jikina, da silifar wanka.

Ƙarfe uku saura muka ji hon mai kauri daga bakin titi, har tantabarun Baba suka tashi.

Na miƙe. Na tsaya a tsakiyar matan nan na ce, "Gwaggo."

"Na'am?"

"Yaron da ya ɗaukar mana buhu a Ɗambatta, wanda na ce ban sani ba. Khalilu ne. Ba kwas ya tafi ba, yaron mota ne, tuƙi yake koya a wurin Sabo. Ƙarya na yi miki. Kuma shi nake so."

Wayar Bilki ta zame daga cinyarta. Gwaggo ta riƙe haɓa.

"Wanda na ba ki kuɗi ki miƙa wa?"

"Shi."

"Innalillahi. Kuma kika miƙa?" Ta girgiza kai. "Ke kam Asama'u, ni ina da baki, amma ban kai ki ba."

Na ɗauki kwanon na fita. Ina jin takun mata a bayana, ban waiwaya ba. Masu dawowa daga masallaci sun tsaya suna kallon jar tirelar da ta faka a gindin tsamiya. Ƙofar ɓangaren direba ta buɗe, sai ga Khalilu yana saukowa daga nan, Sabo kuma yana zaune a ɗaya gefen yana sakace. Khalilu ne ya tuƙo ta. Na so na yi guɗa, na tuna ba ni da wannan bakin.

Kayan aikinsa ne a jikinsa, bai canza ba. Na tako har gabansa, a idon duk mutanen garinmu, na durƙusa na ajiye kwanon.

"Sannu da hanya, Malam Khalilu. Ga abinci."

Na faɗa da ƙarfi yadda kowa zai ji. Ya dubi kwanon, ya dubi matan da ke bayana, ya gane Gwaggo har ya ɗan russuna mata. Sannan ya dube ni. Na nemi murmushi a fuskarsa, na nemi fushi, ban ga ko ɗaya ba.

"Yauwa, sannu Asama'u."

Tun da muke bai taɓa kiran cikakken sunana ba.

"Baba yana ciki? Wurinsa na zo."

Ya wuce ni. Ya cire silifarsa a bakin soro, ya yi sallama. Na ji muryar Baba daga ciki yana cewa, "Shigo, Khalilu. Turo ƙofar."

Ƙofar soronmu kuwa, tun da na yi wayo ban taɓa ganin an rufe ta da rana ba. Ko maganar aurenmu ya zo tsayarwa, ko warware ta ya zo yi, ban sani ba. Ina durƙushe a bakin titi, kwano a gabana, na ji ƙarar sakata.